Akwatin Awo na Ajin Alhamis

Alhamis, 19 ga Satumba, 2024

Makon jiya na yi wa 'yan SS1 ɗan gwajin shiga, tambayoyi goma kacal, don in san daga inda zan ɗora musu kemistiri. Da na zauna duba takardun bayan isha'i, tambaya ta huɗu ce ta tsaya mini a rai. Cewa na yi su ƙiyasta nauyin ruwan leda guda ɗaya. Wani ya rubuta kilo 500. Wata ta rubuta giram 5. Fiye da rabin ajin kuwa lamba kawai suka ajiye, 50 ko 500, ba giram ba kilo. Waɗannan fa yara ne da ake aike kasuwa kullum. A cikinsu akwai wanda idan aka tauye masa mudun gero, tun kafin ya bar rumfar hannunsa zai gaya masa. Ke nan ba awo ne ba su sani ba. Awon makaranta ne ya zame musu baƙo, abin da ake haddacewa a zuba a takarda a manta.

Na je na sami shugaban makaranta na ce, "Ranka ya daɗe, aji ɗaya nake roƙo duk ranar Alhamis bayan la'asar, har ƙarshen zango." Alhamis na zaɓa don ita ce ranar da Islamiyya ba ta riƙe su. Ya amince, da sharaɗin kada in karɓi ko kwabo a hannun ɗalibi. Yara 24 suka ba da suna.

Abin da nake so kafin a tafi hutun Disamba shi ne kowane rukuni ya haɗa ruwan gishiri mai ƙayyadadden ƙarfi da hannunsa, sannan ya tabbatar da sikeli cewa abin da ya haɗa shi ne abin da ya rubuta. Wannan ne tushen aikin da WAEC da NECO za su sa su yi a SS3, kuma da yawa cikin yaranmu sai dab da jarrabawar suke fara taɓa biyuret, wato dogon bututun gilashi mai zanen awo da famfo a ƙasa da ake ɗiga ruwa da shi.

Ɗakin gwaje-gwajenmu babu abin kirki a ciki, ni kuma ba zan zauna jira ba. Na samo akwatin katako na fara zuba kaya: sikelin kicin mai batir da ke nuna giram ɗaya-ɗaya har kilo 5, ƙaramin sikeli irin na masu sayar da gwal da ke nuna 0.01 na giram wanda wani abokina ya ara mini, sirinji na 5 da 10 da 20 ml daga kemis ba tare da allura ba, tef ɗin tela guda shida, silindar awo ta gilashi mai cin 100 ml, da ma'aunin zafi ɗaya.

Alhamis, 26 ga Satumba

Ban buɗe akwatin ba sai can ƙarshen darasi. Na ce kowa ya auna tsawon bencin gaba da taƙinsa. Amsoshi suka fito daga taƙi 9 har zuwa 12. Na tambaya ko akwai wanda ya yi ƙarya, suka ce babu. Na ce to ko bencin ne yake miƙewa yana tsukewa? Nan aka gane.

Daga nan muka bi ma'aunan kakanninmu: taƙi, da kamu daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, da gaba wadda har yau mahaƙa rijiya ke faɗin zurfi da ita. Ba na son yaro ya fita daga ajina yana raina waɗannan. Sun yi wa mutane aiki shekaru aru-aru, suna jikin mutum duk inda ya sa ƙafa, ba sa ɓata. Illarsu ɗaya ce: rijiyar da dogo ya ce gaba goma ce, gajere zai ce sha ɗaya.

Turawa ma sun sha wannan wahalar. A Faransa kafin juyin juya hali kusan kowane gari da nasa ma'aunin. A farkon shekarun 1790 suka yanke shawarar ɗauko ma'auni daga jikin duniya maimakon jikin mutum: mita ta zama kashi ɗaya cikin miliyan goma na tazarar da ke tsakanin ƙuryar arewacin duniya da layin da ya raba ta biyu, in an bi ta birnin Paris. Masana taurari biyu suka kwashe daga 1792 zuwa 1798 suna auna ƙasa tsakanin Dunkirk da Basalona don fitar da tsawon. A 1875 ƙasashe 17 suka sa hannu a yarjejeniyar mita, a 1960 aka tsayar da tsarin awo na bai-ɗaya na duniya da ake kira SI. Tun 1983 kuwa da gudun haske ake ƙayyade mita, haske yana cin mita 299,792,458 a sakan ɗaya.

Amma abin da ya fi shiga kansu maganar kuɗi ce. Kafin 1 ga Janairun 1973 kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam, ga taro ga sisi a tsakani. Na ba su lissafin fam 3 da sule 17 da kwabo 8 a haɗa da fam 2 da sule 9 da kwabo 7, suka yi ta gumi. Da naira ta zo komai ya koma ɗari-ɗari. Haka mita take: kilo dubu ne, santi ɗaya cikin ɗari, mili ɗaya cikin dubu. Wani yaro daga baya ya ce, "Malam, ashe kwabo santin naira ne." Na rubuta maganarsa a allo ban goge ba.

Sai muka fito da tef. Rukuni shida, duk suka sami santimita 183, bambancinsu bai kai rabin santimita ba.

Alhamis, 3 ga Oktoba

Ruwa ya tsuge tun azahar, mutum bakwai kawai suka zo. Muka yi ta juya mita zuwa santimita da milimita. Wata ɗaliba ta sake auna bencin ta sami 72, ta tsaya kai da fata cewa ba ta yi kuskure ba. Kuma ba ta yi ba: gefen inci ta karanta, inci ɗaya kuwa santimita 2.54 ne. Tun daga yau dokar ajin ita ce duk lambar da ta zo ba ma'auni a gefenta, ba a duba ta.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Yau ce ranar da na fi jin daɗinta tun da muka fara. Mahaifin ɗaya daga cikin yaran ɗan kasuwar hatsi ne a Dawanau. Na je na gaishe shi ranar Lahadi na faɗa masa buƙatata. Ya ce, "Malam, in dai karatu ne ai babu komai." Ya ba mu aron mudu biyu, ya ɗebar mana sabon gero da wake, ni kuma na zo da garin masara daga gida.

Da ruwa muka fara. Mudu na farko ya ci 1,600 ml, na biyu 1,750 ml. Duka sunansu mudu, kuma ba wanda aka yi wa ha'inci, maƙera ne daban suka yi su. Sai muka ajiye na biyu muka riƙe na farko. Gero a shafe, wato an bi bakin mudun da rula an share, giram 1,290. Wake a shafe giram 1,220. Garin masara giram 930 kawai. Mudu ɗaya, nauyi uku. A nan na sami damar faɗin abin da nake ta neman hanyar faɗa: mudu cika yake aunawa, wato wurin da abu ya ci, sikeli kuma nauyi. Tambayoyi ne guda biyu daban, kuma rabin ruɗanin da yara ke shiga a kemistiri daga cakuɗa su yake tasowa.

Sannan na ce mutum biyar su auna gero da tozo, yadda ake yi a kasuwa. Mafi ƙanƙanta giram 1,480, mafi girma 1,590, kuma mafi girman na ɗan mai hatsin ne, wanda ya san yadda ake ɗora hannu a gefe. Giram 110 ke nan tsakanin hannu da hannu. Da aka koma awo a shafe sau biyar, bambancin bai wuce giram 15 ba.

Na yi amfani da wannan na raba musu abu biyu da littafi ke yawan haɗa wa yara wuri ɗaya. Akwai awo ya haɗa kai da kansa, a maimaita sau goma yana ba da kusan amsa ɗaya. Akwai kuma awo ya dace da gaskiya. Mudun da aka buga wa gindi aka lotsa shi, kullum abu ɗaya zai ba ka ba ƙari ba ragi, amma kullum a tauye. Ya haɗa kai, bai dace da gaskiya ba. Ba sai na yi dogon bayani ba, duk sun sha jin malamai suna jan kunne a kan tauye mudu. Abin da na ƙara musu shi ne, a ɗakin gwaji mutum yana iya tauye awo ba da niyya ba, in bai binciki kayan aikinsa ba. Maimaita awo ba ya tona wannan. Sai ka gwada kayanka da abin da ka riga ka san gaskiyarsa.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Tambayar da ta biyo baya ita ce wa ya tabbatar da sikelin kansa. Na ba su labarin ɗan curin ƙarfen nan na filatinam da iridiyam, tsayinsa da faɗinsa wajen milimita 39, da aka ajiye a Sèvres kusa da Paris tun 1889. Shekara 130 shi ne kilo, duk wani kilo a duniya daga gare shi ake kwaikwayo. Da aka riƙa gwada shi da kwafinsa aka ga suna ɗan rabuwa da juna, sai ƙasashe suka kaɗa ƙuri'a a Nuwamban 2018, daga 20 ga Mayun 2019 aka jingina kilo da lambar Planck, wata tsayayyar lamba ce ta kimiyyar fiziks wadda ba ta tsatsa ba ta ɗaukar ƙura.

Mu namu gwajin mai sauƙi ne. Ruwa 100 ml ya kamata ya yi kusan giram 100, ƙasa kaɗan a zafinmu. Sikelin kicin ya nuna 99 sau biyu, 100 sau ɗaya. Na yarda da shi.

Akwai abin da har yanzu ban warware ba. Kalmar nauyi tana ɗaukar abu biyu a bakinmu: yawan abin da ke jikin abu, wanda kilo ke aunawa, da kuma ƙarfin da ƙasa ke jan sa da shi. Buhun siminti a duniyar wata kilo 50 ɗinsa na nan, amma ɗaga shi zai yi sauƙi kusan sau shida. A yanzu muna ce wa na farko nauyin jiki, na biyu nauyin ja. Ban gamsu da su sosai ba, amma yaran suna rarrabewa.

Alhamis, 24 ga Oktoba

Dansiti, wato nauyin da ke cikin kowane santimita kubik ɗaya na abu. Kafin komai sai da na sa kowa ya durƙusa ya daidaita idonsa da saman ruwan da ke cikin silinda. Ba a miƙe yake ba, yana lotsawa a tsakiya kamar jinjirin wata a kwance, kuma ƙasan lotsawar ake karantawa. Wanda ya leƙo daga sama da wanda ya hango daga ƙasa sun bambanta da kusan 2 ml a ruwa ɗaya.

Man gyaɗa 30.0 ml ya ba da giram 27.4. Rukuni na biyu suka danna kalkuleta suka kwafe duk abin da ta nuna: 0.913333333. Na tambaye su a cikin lambobin nan guda nawa za su iya rantsuwa a kai. Sikeli ya ba mu lambobi uku, awon cika ya ba mu uku, to daga ina sauran shida suka fito? Kalkuleta ba ta ga man ba. Rubuta lambobi tara cewa ne ka auna abin da ba ka auna ba, kuma ni a wurina wannan ba ƙaramin abu ba ne, shaida ce a kan abin da ido bai gani ba. Amsar ita ce 0.913 g/cm³. Muka sa wa waɗannan lambobi suna, lambobin amana, kuma sunan ya zauna a bakinsu nan take. A ninkawa da rabawa, amsa ba ta fin mafi raunin awonka yawan lambobin amana.

Kananzir ya ba mu kusan 0.80. Shi ya sa jarkar lita 25 ta ruwa ke kai kilo 25, ta man gyaɗa ba ta cika 23 ba, ta kananzir wajen 20. Yaran da ke tura kurar ruwa a hutu sun san wannan a kafaɗarsu tun tuni.

Wata ɗaliba ta ce, "Malam, ke nan za mu iya gane zoben gwal na gaskiya da na jabu?" Hanyar daidai ce. Gwal tsantsa 19.3 ne, tagulla ba ta kai rabin haka ba, kuma kusan shekara dubu da suka wuce Al-Biruni ya auna ƙarafa da duwatsu masu daraja ta hanyar ruwan da suke turewa. Sai na ce mu lissafa tukuna. Zobe mai nauyin miskali ɗaya, wato giram 4.25 a ƙiyasin da ake lissafin zakka da shi, cikarsa ba ta wuce 0.22 ml ba. Zanen silindarmu kuwa 1 ml ne tsakanin layi da layi. Ruwan zai motsa, amma idonmu ba zai gani ba. Ta ɗan yi sanyi, amma na ga ta fahimci cewa sanin iyakar kayan aiki yana cikin aikin. Muka koma kan ƙusoshi: giram 118, suka ɗaga ruwa da 15 ml, 7.9 ke nan. Littafi ya ce baƙin ƙarfe 7.87.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Aikin gida ya nuna mini ramin da ban lura da shi ba. Mutum 17 cikin 21 sun rubuta cewa mita kubik ɗaya santimita kubik 100 ce, tun da mita santimita 100 ce. Na yi garaje a makon jiya, na wuce wurin ban tsaya ba, dole in koma.

Muka yanka kwali muka haɗa akwati mai santimita 10 tsawo, 10 faɗi, 10 tsayi, muka shimfiɗa leda a ciki. Na fasa ruwan leda biyu masu 50 cl na juye, ya zo dab da baki. Wannan ita ce lita, ita ce desimita kubik da za su riƙa gani a takardar jarrabawa, 10 sau 10 sau 10, santimita kubik 1,000. Sai muka zana mita ɗaya a ƙasa da alli ta kowane gefe, yaro ya riƙe tef a tsaye. Irin akwatin kwalinmu nawa zai shiga? Dubu. Ke nan mita kubik santimita kubik miliyan ɗaya ce, kuma ruwan da zai cika ta ya kai tan guda. Tankin lita 2,000 da ke bayan ofis mita kubik biyu ne kawai. Sun daɗe suna kallon zanen allin.

Na koya musu su riƙa jan ma'auni tare da lamba a kowane layi, su soke shi sama da ƙasa kamar yadda suke soke lamba. In ka nemi giram ka ƙare da lita a hannunka, ba sai malami ya gaya maka ka ɓata hanya ba. Na ba su labarin kumbon da hukumar NASA ta Amurka ta aika duniyar Mars, wanda ya salwanta ranar 23 ga Satumban 1999. Wani ɓangaren ma'aikata ya ba da lissafin ƙarfin tunkuɗa a ma'aunin fam na awo irin na Amurka, ɗaya ɓangaren ya ɗauka a ma'aunin SI ne, tsakaninsu kuwa ninki 4.45 ne. Manyan injiniyoyi ne, lissafinsu daidai, ma'aunin ne ba a daidaita ba.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Muka tafasa ruwa a risho, ma'aunin zafi ya tsaya a 98. Ajin ya yanke hukunci cewa ya lalace, tun da littafi ya ce 100. Na ce kafin mu jefar da shi mu gwada shi a ƙanƙarar da ke narkewa. Ya nuna sifili daidai. Digiri 100 ɗin na bakin teku ne. Kano tana sama da teku da kusan mita 500, iska ba ta danna ruwa kamar yadda take yi a Legas, don haka yake tafasa da wuri. A Jos ma wajen 96 zai tsaya. Na ji daɗin da wannan ya faru a gabansu, don su ga cewa idan awo ya saɓa wa littafi ba a gyara lamba, bincike ake yi. Muka ƙarasa da Kelbin, ma'aunin zafi na SI, a ƙara 273 a kan digirin Salshiyos.

Alhamis, 21 ga Nuwamba

Makon jiya ban samu zuwa ba, an yi mana rasuwa. Yau mol, wanda na san shi ne ke korar yara daga kemistiri.

Na fara da goro. Ƙwarya ɗaya guda ɗari ce, dozin sha biyu ne, suna ne da aka sa wa adadi. Sai na ɗauko ragowar wakenmu na ce su faɗa mini ƙwaya nawa ke cikin mudu ba tare da sun ƙirga duka ba. Sun ɗan yi shiru, sai ɗan mai hatsi ya ce a ƙirga ɗari a auna. Ƙwaya 100 suka yi giram 19. Mudu a shafe giram 1,220 ne, ke nan wajen ƙwaya 6,400. Sun ƙirga da sikeli. Abin da masanin kemistiri ke yi ke nan kullum, sai dai ƙwayoyinsa ba sa ganuwa, don haka ƙwaryarsa babba ce: 6.022 sau 10 mai ƙarfin 23 (wato 1 mai sifili 23 a bayansa), lambar Avogadro, kuma wannan adadin ne ake kira mol ɗaya. Na zuƙo ruwa 18 ml a sirinji na ɗaga sama. Wannan mol ɗaya ne na ruwa, bai cika kurɓa biyu ba. Gishiri mol ɗaya giram 58.44.

Daga nan na raba musu fakitin gishirin zawo, ORS, na lita ɗaya. Haɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka tsayar tun 2002 yana da gishiri giram 2.6, gulukos 13.5, fotashiyam kulorayid 1.5, da sodiyam sitiret 2.9. Gulukos mol ɗaya giram 180 ne, 13.5 a raba da 180 ya ba su 0.075. Gishiri 2.6 a raba da 58.44 ya ba su 0.0445. Sitiret ɗin mol ɗinsa giram 294 ne, kuma kowace ƙwaya tana ɗauke da sodiyam uku, sai ya ƙaro 0.0296. Da suka haɗa sodiyam suka sami 0.074. Wato a sikeli gulukos ya ninka gishiri sau biyar, amma a ƙirga ƙwayoyin gulukos da na sodiyam kusan ɗaya da ɗaya ne, milimol 75 kowanne. Da gangan aka yi haka, domin hanji tare yake shigar da su biyun, ruwa ya bi bayansu. Babu yadda za a ga wannan daga giram, sai an juya zuwa mol.

Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, mu a gida a kofi Umma take kaɗa wa ƙanina." Na ce mu lissafa. In kofin 250 ml ne, ƙarfin ya ninka sau huɗu, sodiyam ya kai milimol 300 a lita, alhali na jinin mutum wajen 140 ne. Irin wannan yana iya ƙara janye ruwa daga jikin yaron da ake son ceto. Na ce ta gaya wa Umma cikin ladabi a duba abin da aka rubuta a fakitin, in na lita ɗaya ne a juye ruwan leda biyu masu 50 cl. Da na dawo gida maganar ba ta bar ni ba.

Alhamis, 28 ga Nuwamba

Yara 20 suka rage, rukuni biyar. Na samo aron kwalbar awo mai dogon wuya ta 250 ml daga wani malami a wata makaranta, suka yi layi a kanta. Aikin: ruwan gishiri mai ƙarfin mol 1.00 a lita, 250 ml. Kowane rukuni ya kawo mini lissafi kafin ya taɓa sikeli. 250 ml lita 0.250 ce, mol 0.250 ke nan, sau 58.44, giram 14.61. Huɗu sun samu a karon farko. Gishirin kicin muka yi amfani da shi, na shanya shi kwana biyu, kuma na faɗa musu ba tsantsa ba ne, akwai ɗan aidin a ciki.

Rukuni na farko suka auna ruwa 250 ml suka zuba a kan gishirin. Na bar su suka gama, sannan suka juye a kwalbar suka ga ya haura layi. Ana narkar da gishiri ne a ruwa kaɗan, a ɗauraye kofin a juye ɗaurayen a kwalba, sannan a cike zuwa layi, ɗigon ƙarshe da sirinji. Na ce su ajiye nasu a haka mu ga abin da zai bayar.

Kowane rukuni ya auna murfin roba babu komai, ya zuba 20 ml na ruwansa, muka jera a tagar ofis. Hunturu ya shigo, iska a bushe take. In an yi daidai, gishirin da zai rage giram 1.17 ne.

Alhamis, 5 ga Disamba

Sakamako: 1.15, 1.18, 1.16, 1.31, 0.96.

Na biyu da na uku sun faɗa inda ake so. Na farko, masu cika ruwa, 1.15 suka samu, wanda ya dace da kuskurensu, amma na gaya musu gaskiya cewa sirinjin 20 ml da kansa yana iya kawo bambanci irin wannan, don haka ba za mu ce mun tabbatar ba. Rukuni na biyar da kansu suka faɗa cewa ruwan ya ɗan zube lokacin da suke kai murfin taga, ba su faɗa ba a ranar. Na yaba musu da suka rubuta 0.96 ɗin yadda yake.

Na huɗu ne ya ja muhawara. Gishirinsu ya yi ja-ja-ja, murfinsu ne a bakin tagar da gilashinta ya fashe, ƙurar hunturu ta mako guda ta sauka a kai. Wani ya ce ƙura ce, wata ta ce ƙila bai gama bushewa ba. Na tambaya yaya za a raba gardamar. Suka ce a ƙara shanya shi a sake aunawa, in nauyin bai ragu ba to ba laima ba ce. Ban koya musu wannan ba.

Na maimaita tambayar ruwan leda a rubuce. Mutum 19 sun ce wajen giram 500, ɗaya ya ce kilo 0.5.

Zango mai zuwa sai ruwan asid da soda, kuma ba zan fara ba sai na sami tabaran kariya ko da guda goma da biyuret biyu. Zan rubuta wa ƙungiyar iyaye da malamai a cikin hutu. Ƙaramin sikelin zan mayar wa mai shi ranar Talata. Rukuni na huɗu sun ce ba za a tafi hutu da 1.31 a gaban sunansu ba. Sun zuba sabon 20 ml a wani murfin, sun rufe da guntun gidan sauro, sun sa a cikin ofis nesa da taga. Litinin da safe za mu ɗora duka biyun a sikeli.